Abin Da Kullen Korona Ya Koya Wa Gidajenmu

Wannan shi ne jawabin da jami'inmu na raya karkara ya gabatar wa taron fastoci, dattawa da shugabannin zumuntar mata da na matasa. Mun buga shi domin a karanta wa jama'a bayan sujada, a kuma tattauna a kai.

  Na san da yawa daga cikinku aikin gona kuka ajiye kuka zo, don haka ba zan ja ku da nisa ba.

An ba ni in yi magana a kan zaman iyali a lokacin dokar kulle ta shekarar 2020. Wani zai ce korona ta wuce, me ya kawo tone-tone? Gaskiya ne, ranar 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa cutar ta fita daga matakin gaggawa. Amma annoba ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. A 1918 wata muguwar mura ta kashe mutane kusan rabin miliyan a Nijeriya. A 2014 Ebola ta shigo Legas. A 2021 kwalara ta kashe sama da mutum 3,600 cikin shekara guda. Zazzaɓin Lassa kuma kusan kowane rani sai ya dawo. Ban da annoba, mu mutanen Filato da Kaduna da Bauchi mun san dokar hana fita ta lokacin rikici. Ko mene ne dalilin rufe ƙofa, abin da iyali za su fuskanta a bayan ƙofar iri ɗaya ne. Hausawa kuma sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu tuna yadda abin ya faru

Cutar ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen 2019. Ranar 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar da mutum na farko da ke ɗauke da ita a Nijeriya, wani ɗan ƙasar Italiya da ya sauka a Legas. Kafin ƙarshen Maris an rufe makarantu a ko'ina. Jihar Kaduna ta sa dokar zama a gida dare da rana daga 26 ga Maris, ba a ɗage ta ba sai bayan kwana 75, a watan Yuni. Shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya rufe Legas da Ogun da Abuja daga daren 30 ga Maris. A Filato, gwamna na lokacin, Simon Lalong, ya rufe jihar a makon Ista, domin haka ranar Lahadi 12 ga Afrilu yawancinmu a tsakar gida muka yi bikin tashin Almasihu daga matattu. Daga baya aka hana tafiya daga jiha zuwa jiha, sai ranar 1 ga Yuli aka buɗe hanya.

Bisa ga lissafin hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka, mutanen da aka gwada aka tabbatar sun kamu a ƙasar nan sun wuce 260,000, waɗanda suka mutu kuma sun wuce 3,100. Wannan lissafin waɗanda aka gwada ne kawai. A Kano, ministan lafiya na lokacin ya faɗa cewa mutane kusan dubu sun mutu cikin 'yan makonni a watan Afrilu, kuma rabinsu ko fiye da haka korona ce sanadi. Saboda haka kada kowa ya ce muku cutar ƙarya ce. Amma a ƙauyukanmu, abin da ya fi shiga kowane gida shi ne kullen da abin da ya jawo. A kansa zan tsaya.

Abinci

Dokar ta zo a mummunan lokaci ga manomi. Watan Afrilu da Mayu lokaci ne da rumbu ya yi ƙasa, ruwan sama ya fara sauka, ana neman kuɗin taki da iri. A takarda, an yarda manomi ya je gona, an kuma yarda motar abinci ta wuce. A kan hanya kuwa shingaye sun yi yawa, kuɗin mota ya ninka, masu sayen kaya daga Kudu ba su zo ba. Mai tumatir da kabeji da dankalin Turawa ya ga kayansa suna ruɓewa a bakin gona. Mai kaji ya tara ƙwai babu mai saye. Matar da take rayuwa da kuɗin ƙosai ko kunu a tasha ta wayi gari babu tasha. 'Ya'yanmu da ke Abuja da Legas, waɗanda suka saba aiko da ɗan abin cefane, su ma sun zauna babu aiki. Wasu ma gida suka dawo, bakin ci ya ƙaru. Zuwa Disamba 2020, hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce farashin abinci ya tashi da kusan kashi 20 cikin ɗari a kan na shekarar da ta gabata.

Gwamnatin tarayya ta raba naira 20,000 ga gidajen da sunansu yake cikin rajistar marasa galihu, amma gidajen da ke cikin rajistar kaɗan ne in aka kwatanta da masu bukata. Kun kuma tuna abin da ya faru a watan Oktoba 2020, lokacin da jama'a suka fasa ɗakunan ajiya a Bukuru da wasu garuruwa suka kwashe kayan tallafi. Ba na goyon bayan fasa rumbun kowa. Abin da nake so mu lura da shi shi ne, wata shida bayan an fara kulle, abincin yana nan a ajiye bai kai ga tukunya ba. Tallafin da zai taso daga nesa yakan makara a hanya. Wanda ya ceci gidaje a makonnin farko shi ne hatsin da ke cikin rumbu da kwanon da maƙwabciya ta miƙo ta kan danga.

To, ga lissafin da nake roƙon kowane maigida da uwargida su zauna su yi tare a daren yau. Mudu nawa kuke ci a rana? A ce gidanku mudu biyu ne. Kwana 30 zai ci mudu 60. Kulle irin na Kaduna, kwana 75, zai ci mudu 150. Wannan adadin, a ware shi tun da kaka, a sa masa alama, kowa a gidan ya san ba na sayarwa ba ne. Matsalarmu ita ce mukan sayar da masara da araha a watan Disamba saboda ɗinkin Kirsimati da biki, mu dawo mu saye ta da tsada a watan Yuli. Wake kuma, wanda ƙwari suke saurin cinyewa, akwai buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS. A shanya waken ya bushe sarai, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowane ninki dabam. Ƙwaro ba ya rayuwa inda babu iska, don haka ba sai an zuba magani ba. A kula kada ɓera ya huda shi.

Iyayenmu mata, a wannan fanni ku ne malamanmu. Gidan da yake da busasshiyar kuɓewa, kuka, karkashi, daddawa, kauɗar tumatir da barkono bai rasa miya ba ko da kasuwa ba ta ci ba. Gidan da yake da ɗan lambu a bayan ɗaki, da zogale da alayyafo da yakuwa, ana ba su ruwan wanke-wanke, yaransa sun ci ganye. Waɗannan abubuwan da wasu 'yan mata suke gani kamar aikin tsofaffi ne, su ne suka riƙe gida. A koya musu.

Ruwa da tsabta

An ce mu wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20, sau da yawa a rana. Umurnin daidai ne, amma wanda ya ba da shi yana da famfo a ɗaki. A wurinmu, kowane wankin hannu ƙarin tafiya ne zuwa rafi ko rijiya, kuma kowa ya san kan wa tulun yake hawa. Masu aikin agaji suna lissafin cewa mutum ɗaya yana bukatar aƙalla lita 15 a rana domin sha da dafuwa da tsabta. Gida mai mutum takwas ke nan yana bukatar lita 120, wato jarka shida masu lita 20. A lokacin kulle samari suna zaune a gindin mangwaro suna karta, ƙannensu mata suna safa da marwa zuwa rijiya. Wannan ba adalci ba ne. Gidajen da maza suka ɗauki jarka a keke ko baro, ba mu ji an ce mutuncinsu ya zube ba.

Akwai wata dabara mai sauƙi ta tsimin ruwa da muka koya wa ikkilisiyoyi da yawa. A sami galan mai lita biyar, a huda masa ƙaramin rami a sama kusa da murfi da ƙusa mai zafi. A kafa gwafa biyu, a gitta sanda a kansu, a rataye galan ɗin ta hannunsa. A ɗaura igiya a wuyan galan, ɗaya bakin igiyar a ɗaure shi a jikin wata sanda da ke kwance a ƙasa. In ka taka sandar, galan ya karkata, ruwa ya zubo siriri, ba ka taɓa komai da hannu ba. A rataye sabulu a gefe, a zuba tsakuwa a ƙasa don kada wurin ya yi caɓi. A sa ɗaya a bakin masai, ɗaya kusa da madafa. Da yawa an kafa su a 2020, yanzu sun zama tarihi. A mai da su. Wankin hannu yana kare mu daga kwalara da gudawa da taifot, kuma waɗannan ba su tafi ko'ina ba.

Akwai kuma abin da aka ƙara fahimta daga baya. Korona tafi yaɗuwa ta iska, musamman a rufaffen ɗaki mai cunkoso. Saboda haka in cuta irin ta numfashi ta zo, a buɗe tagogi, a yi zama a waje a inuwa, mai tari kuma ya rufe hanci da baki da takunkumi. A nan Allah ya yi mana gata, domin yawancin rayuwarmu a fili take.

Yara

Makarantu sun zauna a rufe wajen wata shida. Jarrabawar WAEC da aka saba farawa a watan Afrilu sai ranar 17 ga Agusta 2020 aka fara ta, sauran azuzuwa kuma yawanci sai watan Oktoba suka koma. Wasu jihohi sun sa darussa a rediyo da talabijin. 'Ya'yan masu hali a birni sun ci gaba da karatu ta intanet. Yaron ƙauye kuwa, in babu batir a rediyo, shi ke nan.

A zagayen da muka yi bayan an buɗe makarantu, abin da malamai suka yi ta gaya mana iri ɗaya ne. Yaran da suka fara haɗa baƙi sun manta. Wasu samari sun shiga haƙar kuza ko acaɓa, sun ɗanɗana kuɗi, ba su koma aji ba. Wasu 'yan mata sun dawo da ciki, wasu an yi musu aure. Yarinyar da ta bar makaranta a aji biyu na sakandare saboda hutun wata shida, asararta ta dukan rayuwa ce.

Gidajen da yaransu ba su yi baya ba, ba wai sun fi kowa kuɗi ba ne. Tsari suka yi. Da asuba addu'a, sai shara da ɗiban ruwa, sai gona kafin rana ta yi zafi. Bayan abincin rana, awa ɗaya ko biyu na karatu, babba yana koya wa ƙarami. Da yamma wasa, da dare hira da tatsuniya. Uwar da ba ta yi boko ba tana iya cewa, "Ɗauko littafinka ka karanta mini in ji." Yaro ba ya sanin ko kin gane ko ba ki gane ba, abin da ya sani shi ne ana sauraronsa. Lissafi kuma yana cikin gida. A sa yaro ya ƙirga kunya nawa ce a gona, mudu nawa ya rage a buhu, canjin nawa za a dawo da shi. Kowace ikkilisiya tana da malamin makaranta mai ritaya ko ɗalibin kwaleji da ke zaune. A san su tun yanzu, domin in aka sake rufe makaranta a raba musu yara biyar biyar a gindin itace.

Miji da mata

Yanzu na zo wurin da ba mu cika son a taɓa ba. Iyayena, ku yi mini haƙuri, ni ɗanku ne, amma aikin da kuka ba ni ya sa dole in faɗa.

An ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Mutumin da ya saba fita da safe ya dawo da dare, sai ga shi a gida yini guda, aljihu babu komai, yara suna kuka, mata tana tambayar kuɗin cefane. Kunya takan koma fushi, fushi kuma yakan sauka a kan wanda ya fi rauni. Wasu suka nemi mafaka a gidan burkutu da ogogoro, ɗan hatsin da ya rage ya bi can. Duka da zagi sun ƙaru a gidaje, har da gidajen masu riƙe da muƙami a majami'a. Ministar harkokin mata ta lokacin, Pauline Tallen, 'yar Filato, ta ce an kai rahoton fyaɗe sama da 3,600 a lokacin kullen. A watan Yuni 2020 gwamnonin ƙasar nan suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe da cin zarafin mata. Kuma sau da yawa mai yin ɓarnar ba baƙo ba ne. Ɗan gida ne, ko maƙwabci, ko wanda aka amince wa.

A kan wannan ina da roƙo uku. Na ɗaya, maigida, in babu, ka ce babu. Ka zaunar da matarka ka nuna mata abin da ke hannunka, ku shirya tare. Talauci ba abin kunya ba ne, ɗaga hannu a kan matarka shi ne abin kunya. Na biyu, dattawa da shugabannin zumunta, in mace ta zo muku da kumburin fuska, kada ku sallame ta da "ki yi haƙuri" kawai. A kira mijin, a tsawata masa, a bi sawu, in ranta yana cikin haɗari a sama mata wurin kwana. Na uku, in an ɓata yarinya ko yaro, a kai shi asibiti nan da nan, kada a wuce kwana uku, domin maganin da ke hana kamuwa da ƙwayar cutar ƙanjamau cikin awa 72 yake aiki. Daga nan a kai maganar ga hukuma. Rufa wa mai laifi asiri don kare sunan gida ko sunan ikkilisiya, miƙa masa wata yarinyar ne.

Ba duka labarin ne mai ɗaci ba. Akwai iyaye maza da suka shaida mana cewa a lokacin ne suka fara cin abinci tare da 'ya'yansu, suka san wane ne mai son lissafi, wace ce mai tsoron duhu. Akwai waɗanda suka gane nauyin aikin da mace take yi daga asuba zuwa dare, domin a karo na farko sun zauna sun gani da idonsu. Wannan riba ce, kada mu bar ta ta zube.

Tsofaffi da marasa lafiya

Korona ta fi yi wa tsofaffi illa, da masu hawan jini, da masu ciwon sukari. Amma tsoron asibiti ma ya yi tasa ɓarnar. Mutane sun ƙi zuwa don kada a ce suna da korona a killace su. Mata masu ciki sun daina zuwa awo. An daina kai jarirai rigakafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 zazzaɓin cizon sauro ya kashe mutum 627,000 a duniya, ƙarin 69,000 a kan 2019, kuma yawancin ƙarin saboda katsewar magani da rigakafi ne. Kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗannan mace-macen a Nijeriya ne. A wannan shekarar yara miliyan 23 a duniya ba su sami cikakkiyar allurar rigakafi ba. Daga ƙarshen 2022 cutar mashaƙo ta ɓarke a Kano da wasu jihohin Arewa, kuma yawancin yaran da ta kama ba su da cikakkiyar rigakafi.

Don haka ko da an rufe gari, ba a rufe awo da rigakafi da haihuwa a asibiti ba. Mai shan maganin ƙanjamau, ko na tarin fuka, ko na hawan jini, kada ya tsallake ko kwana ɗaya. Ya roƙi ma'aikacin lafiya ko za a iya ba shi na wata biyu ko uku. Kowa ya kwana cikin gidan sauro. Kowace uwa ta san haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A ba mai gudawa kaɗan kaɗan, ana kan hanyar asibiti.

Tsohuwar da take zaune ita kaɗai, kare ta daga cuta ba ya nufin a yashe ta. A tsaya daga bakin ƙofa a gaishe ta, a ajiye mata ruwa da itace da tuwo. Kaɗaici ma ciwo ne.

Jita-jita

Kun tuna daren nan na watan Agusta 2014 da aka yi ta buga waya ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha don maganin Ebola? Mutane sun mutu, wasu sun kwanta a asibiti, alhali Ebola ba ta ko iso Arewa ba. A 2020 ma haka aka yi. An ce cutar masu kuɗi ce, an ce turakun waya na 5G ne suke kawo ta, an ce a sha kulorokwin, har wasu a Legas suka sha ya wuce kima aka kwantar da su. Da allurar rigakafi ta iso a watan Maris 2021, aka ce duk wanda ya karɓa zai mutu cikin shekara biyu. Ga mu nan a wannan ɗaki, da yawa mun karɓa, shekara biyun kuma ta daɗe da wucewa.

Maganar da ta fito daga bakin fasto ko shugabar zumunta tana da nauyi fiye da ta rediyo. Saboda haka kafin ka faɗi abu a kan bagade, ko ka tura shi ta WhatsApp, ka tambayi ma'aikacin lafiya na kusa da kai. In ba ka tabbatar ba, ya tsaya a wurinka.

Sujada a gida

Da aka rufe majami'u, wasu gidaje sun rasa yadda za su yi, domin an bar wa fasto da malamin makarantar Lahadi dukan aikin. Wasu kuwa suka shimfiɗa tabarma, yaro ya karanta Littafi Mai Tsarki, uwa ta ɗaga waƙa, uba ya yi addu'a. Ikkilisiyar farko ma a gidaje take taruwa. Wanda ya fara wannan a 2020, ya ci gaba.

Mu kuma tuna da masu yi mana hidima. Da baiko ya tsaya, fastoci da masu bishara da yawa a ƙauyuka sun yi watanni babu albashi, kuma kunya ta hana su faɗa. Jana'iza da aure ma an taƙaita su ga mutane kaɗan. Ya yi mana zafi mu binne iyayenmu babu taro. Amma mun ga cewa ana iya yin biki ko makoki ba tare da an sayar da gona ko an ci bashin da za a shekara ana biya ba. Wannan ma abin tunani ne.

Abin da za mu yi daga yau

Ina roƙon kowace ikkilisiya ta koma gida da waɗannan abubuwa biyar.

1. A kafa rumbun ikkilisiya. Da kaka kowane gida ya kawo abin da zai iya, ko mudu biyu ne. A ce gidaje 60 ne suka kawo mudu biyar biyar, an sami mudu 300. A sa mutum uku su riƙe shi, a cikinsu har da mace, makulli biyu a hannu biyu, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, a karanta a gaban jama'a. In shekara ta zo lafiya, a ba da rance da damina a mayar da kaka.

2. A rubuta sunayen gwauraye, marayu, naƙasassu, tsofaffi masu zaman kaɗaici da masu doguwar jinya, a haɗa kowannensu da gida ɗaya da zai riƙa leƙa shi. Yunwa ba ta tambayar addini, don haka maƙwabcinmu Musulmi ko mai bin gargajiya da ke cikin bukata, shi ma a tuna da shi.

3. Ƙungiyoyin adashi su ware ɗan asusun gaggawa dabam da kuɗin rabo, wanda ba a taɓa shi sai ciwo ko yunwa.

4. A zaɓi mace ɗaya da namiji ɗaya masu riƙon asiri, waɗanda mace ko yaro zai iya kai musu kuka, a kuma sanar da sunansu a majami'a.

5. Shugabanni su san ma'aikacin lafiya na yankinsu da mai unguwa da shugaban 'yan sanda tun kafin wahala ta zo. A makonni biyu na farkon kulle, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ce jami'an tsaro sun kashe mutum 18 wajen tilasta bin doka, fiye da waɗanda cutar ta kashe a lokacin. Mu gargaɗi samarinmu su bi doka, kada su yi gardama a shinge. In an ci zalin wani, dattawa su kai ƙara ta hanyar da ta dace.

Babu ɗaya cikin waɗannan da yake jiran kuɗi daga Turai ko daga gwamnati. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma hannuwan suna nan a cikinmu. Ofishinmu a shirye yake ya zo ya koyar da ajiyar hatsi, rubuta lissafin rumbu, da kafa abin wanke hannu, ga duk ikkilisiyar da ta aiko ta hannun fastonta. Muna fata kafin kaka mai zuwa kowace gunduma ta kawo mana rahoton inda ta kai.

 Ubangiji ya tsare gidajenmu, ya albarkaci aikin hannuwanmu, ya kai kowa gida lafiya. Amin.